Kawuna Mai Hatimi Bakwai

Kawuna mai buga takardu ne a wata rumfa gaban ofishin gwamnati. Shekara ashirin yana rubuta wa mutane koke, har ya haddace irin kalmomin da manya ke son ji. Da gwamnati ta fara ba da tallafin bukukuwan al'adu, sai ya wayi gari shi ne uban gargajiya. Ya sassaƙo hatimi bakwai na ƙungiyoyi bakwai, duk a aljihun tebur ɗaya, shi ne shugaba, shi ne sakatare. Mutumin da ko gaisuwa bai iya ba da yaren uwarsa!

Uwar tasa ita ce kakata. Tana da waƙoƙin da ta koya a wurin tata uwar, cikin yaren da ita kaɗai ta rage mai jinsa a gidanmu. Burinta guda: ta rera su gaban jama'a ko sau ɗaya, a naɗa, kafin ta mutu.

Kawu ya ɗauki hotonta ya manna a takardar neman tallafi. "Inna, bana ke ce tauraruwa," in ji shi. "Mota zan aiko miki."

Wata guda tana gyaran murya da ruwan ɗumi. Ranar biki tun da hantsi ta yi kwalliya ta zauna a bakin ƙofa. Ni na riga ta zuwa zauren taron. Me zan gani? 'Yan rawa shida na haya, su fito a matsayin wannan ƙabila, su koma bayan labule su sauya riga, su fito a matsayin waccan. Manyan baƙi suna tafa musu suna duba agogo.

Na ja shi gefe. "Kawu, ina motar Kaka?"

"Ke, rufa min asiri! Tsohuwa ba haƙori, waƙa ɗaya rabin awa? Baƙi za su yi barci."

Da la'asar na koma gida na tarar da Kaka a inda take, a bakin ƙofa. Ta cire ɗan kunne ta shige ɗaki. Ba ta kai wata shekarar ba.

Bayan rasuwarta da wata uku, sai ga Kawu da sabon hatimi da biro, babu ko kunya. Wai zai nemi tallafin bikin tunawa da ita.

"'Yata, faɗo min baiti biyu daga waƙoƙin nan in sa a takarda."

Na ce ban iya ba. Ya bi gidan ɗaki ɗaki yana tambaya, bai sami wanda ya riƙe ko ɗaya ba.