Gayyar Wake a Gidan Tabawa

'Ya'yana, ku da kuka kama aikin nan bayanmu, ku saurara. Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da muka kai karatunmu gidan Tabawa ba.

Ni ungozoma ce a Dabawa, ban taɓa zama a aji ba. Da daminar bara waccan, Sista Rabi, shugabar ƙaramin asibitinmu, ta ce an kawo wa ungozomomin Dutsin-Ma da Kurfi horo ta waya. Kowane mako wata malama daga birni za ta turo darasi da hoto mai motsi, mu kalla, mu danna waya mu faɗi amsa da baki. An haɗa mu a zaure guda cikin wayar, muna jin muryar juna. Wadda ta yi ta tsallake darasi za a cire ta, kuma marar takardar shaidar gamawa ba za ta ƙara shiga ɗakin haihuwa ba.

A zauren nan na san Tabawa ta Ɗantutture, ban taɓa ganin fuskarta ba. Ita ce babbarmu, kuma sai ta yi gyaran murya sau biyu kafin ta yi sallama. Da kaka ta yi, sai muka daina jin gyaran muryar nan.

Na kira ta. "Yaya Tabawa, lafiya kika yi shiru?"

"Dije, wake ya cika mini tsakar gida, yara duk sun tafi ci-rani. Ga shi kuma na gaji da zama ni kaɗai ina magana da ƙarfe. Maƙwabta har leƙowa suke ko na taɓu."

Na samu Sista Rabi. Ta ce, "Inna, ba a hannuna abin yake ba. In wannan makon ya wuce babu amsarta, sun cire ta." Matar da ta karɓi haihuwar rabin ƙauyensu!

Sai na danna waya na ce wa zaure, "Jama'a, gayya nake kira. Akwai wake a Ɗantutture."

Da hantsin Laraba babura suka yi ta sauke tsofaffi a ƙofar gidanta, daga Karofi, daga cikin Kurfi. Ba wadda ta san wata. Sai wata doguwa ta yi sallama, muka ce gaba ɗaya, "Hajiya Mairo!" Ita ce mai zakaran da ke cara a cikin kowace amsarta.

Ta dube ni ta ce, "Ke ce Dije? Da wannan murya taki na zaci za ki cika ƙofa, ashe 'yar mitsitsiya ce!"

Tabawa ta fito, ta yi gyaran murya sau biyu, gida ya kaure da guɗa.

Masu ƙarfi suka sussuke waken, muka sheƙe. Da muka zauna tsinta, Mairo ta sa wayarta cikin ƙwarya don sauti ya fito, ta kunna darasin makon, na zubar jini bayan haihuwa. Malama ta faɗi, mu tsayar, mu yi musu. Wannan ta ce ta ga irinsa, waccan ta ce ƙarya ne, ba haka ake gane shi ba. Tabawa ta fi kowa baki.

"Yaya, yanzu fa ba ke kaɗai ba ce," na ce da ita. "Danna wayarki ki faɗa."

Ta danna, ta jero alamomin da ke sa a garzaya asibiti da mai jego, ba ta bar ko ɗaya ba. Kafin mu gama cin dafa-dukar da ta yi mana, ga muryar malama: "Inna Tabawa, marhabin! Amsarki ta yi. Amma wane biki nake ji a bayanki ba a gayyace ni ba?"

Tsohuwar nan ta sa aka maimaita mata wurin da aka ambaci sunanta har shinkafarta ta huce.

Daga nan darasi ya koma zagaye, yau gidan wannan, mako mai zuwa gidan waccan. Dukkanmu muka karɓi takarda.

Abin da na gani ke nan, 'ya'yana. Babba yana da gona, yana da iyali, yana da kunya. In ya yi shiru a karatu, kada ku ce ya ƙi. Ku je ku ga abin da ya cika masa tsakar gida, ku kira sunansa.

Ranar Juma'ar da ta wuce Tabawa ta turo wa zaure kukan jariri daga ɗakin haihuwa. Kafin kukan, sai da ta yi gyaran murya sau biyu.