Sunan da Ya Kira Hotona da Shi

Ni ban yi boko ba, 'yar maƙwabta ce ke rubuta mini wannan. Amma a kasuwar Gashuwa babu wanda zai koya mini bandar kifi.

Jikana, ɗan 'yata ta fari, shi ya buɗe mini shafi a intanet don masu sari su riƙa ganin kifina. Ya sa tarwaɗa, ya sa karfasa, ya sa ni a sama da sabon mayafi. Na tambaye shi yadda na'ura ke sanin hoton da za ta fito da shi. Ya ce kowane hoto da sunan da ya laƙaba masa a ɓoye, in an kira sai ya fito, kamar kaji in an watsa tsaba. Har ana iya tambayarta da wane suna aka yi kiran, ta maimaita.

Na ce, "To ni me ka sa mini?"

Ya ce, "Sai kin ƙara mini kifi a miya, tsohuwa mai rowa."

"Miji marar cefane, ka ci kanka."

Ban sake tambaya ba. Ciwon ƙoda ya kwantar da shi da damina, kafin kaka mun yi sadakar bakwai.

Daga baya hotona ya ɓace daga shafin, kifin kaɗai ya rage. Na hau mota zuwa Nguru wurin abokin karatunsa mai shagon kwamfuta. Na ce ba hoton ne ya dame ni ba, ya tambayi na'urar da wane suna yaron ke kirana.

Ya ce, "Kaka, an sabunta ta. Sabuwar tana kawo abin da aka kira, amma ta daina faɗin sunan. Sai dai na bi rubutunsa da ido."

Na zauna a benci har aka yi la'asar. Can ya tsaya, ya ƙi kallona.

Na ce, "Karanta mini."

Ya ce, "Amaryata."

Tun rasuwar kakansa, jikan nan nawa kaɗai ke ce mini haka.

Na ce wa mai shagon ya sake faɗa. Ya faɗa a hankali, cikin ladabi da kunya. Yaron kirki ne, amma babu tsiwar nan a bakinsa. Ban nemi na uku ba.

Ya mayar da hoton, ya tambaya ko a canja sunan. Na ce ya bar shi yadda mai shi ya bari.