Kawu Ilu da Takardar Tabbatarwa

Duk wanda ya san Kawu Ilu a Ƙafin Maiyaki ya san bai taɓa zama a kan benci ya baje ba. Kullum a bakin-baki yake ɗosana, ƙafa ɗaya na rawa, kamar mai jiran a kira shi. In ka ce, "Kawu, gyara zama mana," sai ya harare ka.

"An tabbatar da ni ne?"

Asalin abin, jami'a ce ta ɗauke shi aikin ban ruwan fulawa, aka ce gwajin shekara biyu ne, sannan a ba shi takardar tabbatarwa. Fayil ɗinsa ya ɓace. Bawan Allahn nan sai da ya yi furfura yana jiran a ce masa gobe kar ya zo! Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai ya ɗora kowa a kan gwaji.

Zakara ya saya a kasuwar Tudun Wada, ya ce masa wata uku. Ranar da zakaran ya makara da cara, da rana muka sha romo. "Bai cika sharaɗi ba," in ji Kawu, yana tsotsar ƙashi.

Har matarsa Inna Ladi ba ta tsira ba. Shekara arba'in da aure, na tsokane shi: "Kawu, ita fa Inna, an tabbatar da ita?"

"Maganarta na kan tebur."

Inna ta leƙo daga madafa. "To, tuwonka na yau ma yana kan teburin nan. Sai an zauna an duba!"

Sai kuma abin ya zo kaina. Na samu aiki a ɗakin karatu na wata jami'a, shekara biyu ta cika har da wata biyar, shiru. Abinci ma ba ya shiga. Kuskurena ɗaya, na faɗa wa Kawu. Ranar Litinin ina jera littattafai aka ce wani tsoho yana ofishin rajista yana nemana. Innalillahi! Na same shi gaban babban jami'i, ya ƙi kujera, ya ƙi ruwa.

"Ranka ya daɗe, fayil ɗin Hadiza na zo gani da idona. Ba faɗa na zo ba. Na taho da tabarmata."

Na ce shi ke nan, yau za a kore ni. Na ja rigarsa, ya fizge. Tun hantsi ake bincike har azahar, Kawu na bin masinja loko-loko. Daga ƙarshe Kawu ne ya hango fayil ɗin: an naɗe an tokare tagar ofis da shi, don iska ta shigo.

Kawu ya karkaɗe ƙurar ya ce, "Alhamdulillahi. Ko ba komai, naki yana aiki. Nawa ko taga bai riƙe ba."

Jami'in ya yi dariya har da hawaye, ya sa hannu a ranar.

Lokacin da takardar ta fito Kawu yana kwance ba lafiya. Na karanta masa sau biyu. Ya shafa hatimin da yatsa, ya ce, "Kar ki ninke ta. Je ki ci abinci, kin rame."

Bai kai Juma'a ba. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya sanyaya makwancinsa. Inna kuma Allah ya ba ta haƙuri. Amin.