Jan Fentin da Na Shafa

Ranar Talata ce, cikin watan Agusta. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi. Da na dawo daga masallaci na tarar da Inna, mahaifiyata, a bakin ƙofar ɗakinta tana shan koko. Ƙafafunta sun daɗe da daina ɗaukarta, amma bakin nan lafiyarsa lau. Ta dubi hannuwana ta ce ashe ɗan gwamnati lalle ya sha, ko an sa rana ne ba a gaya mata ba. Matata Hajara ta yi dariya har ta ƙware. Jan fenti ne, irin mai man nan da sabulu ba ya fitarwa, ga shi kananzir ɗinmu ya ƙare.

Sunana Lawan. Ni malamin daji ne. Fiye da shekara ashirin ina kula da shingen itatuwan da gwamnati ta dasa a arewacin ƙauyenmu, gabas da Ɗanbatta, don tare iska da rairayi. A garin aka haife ni. Ƙasarmu a matse take, gona na jikin gona, saboda haka muke da wani tsari: duk inda muka yi sabon dashe, sai mu bar marasa gona su yi shuka tsakanin layukan, su kuma su kula mana da ƙananan itatuwan. Ba a rubuta komai. Ni nake tsayawa in nuna wa mutum iyakarsa, in ce ba mai tashinsa sai ya girbe. Maganata suka riƙe suka zuba irinsu.

Ranar Lahadi shugabanmu na shiyya, Alhaji Bala, ya zo da kansa da gwangwanin fenti. Ya ce za a zo ƙidayar itatuwa daga hedikwata, in kewaye sabon dashen in shafa ja a jikin kowace babbar darbejiya da ke kan iyaka. Mutum ne da ya sha cin tuwon gidana, yana sahun gaba ranar ɗaurin auren 'yata Binta. Ban yi zargin komai ba. Na wuni Litinin ina shafawa, manoma suna yi mini sannu da aiki. Malam Idi, abokina da muke cin tuwo a kwano ɗaya a ƙofar gida tun muna samari, shi ya riƙe mini gwangwanin a gefen shukarsa. Ya tambaye ni na mene ne, na gaya masa abin da aka gaya mini.

Ranar Talatar nan, wajen ƙarfe goma, na ji ƙara daga arewa. Ba ta tarakta ba ce. Ta fi nauyi, har ƙasa tana amsawa. Na hau babur.

Katafila ce. Gero ya fid da kai, saura kaɗan a ci tumu. Tana bin jan fentina daga itace zuwa itace, duk abin da ke ciki tana tuttura shi: gero, wake, da dashen da na rena a leda da hannuna. Ga motar 'yan sanda a gefe. Ga farar motar ofishinmu. Alhaji Bala yana tsaye da wani mai babbar riga da ban taɓa gani ba. Nan take na gane ba wata ƙidaya. An ba da filin ne, ni kuma aka sa na shata shi.

Mutane suna ta ɓullowa daga gonaki da fartanyu a hannu. Mata suna kururuwa. Aka yi wa Alhaji Bala zobe. Ina tsayar da babur ya hango ni, ya ɗaga hannu ya nuna ni.

"Ga wanda ya shata nan! Shi za ku tambaya!"

Ya faɗa mota. Na yar da babur, na ruga na kama mariƙin ƙofa. "Yallaɓai!" Sai na ji an danna makulli daga ciki. Ko kallona bai yi ba. Motar ta watsa mini taɓo ta wuce.

Wani ya damƙi wuyan hannuna ta baya ya ɗaga shi sama. Idi ne. Hawaye yake yi, idanunsa jawur.

"Ku duba hannunsa!"

Shi kaɗai a wurin ya san abin da aka gaya mini. Bai faɗa ba. Na Alhaji Bala ya yi mini ciwo, amma na Idi ne har yau yake hana ni sakat.

Dutse na farko ya same ni a kafaɗa. Sai harbi. Biyu aka yi sama, na uku ba sama aka yi shi ba. Sani, ɗan ƙanin Idi, saurayin da ake shirin aurensa bayan kaka, ya faɗi cikin geron. Idi ya sake ni ya yi kansa. Na yanki gonaki da gudu.

Sha ɗaya ta wuce na faɗa gida. "Hajara, ɗauko mayafi! Bar komai!" Na jawo baron da nake ɗibar ƙasar dashe da shi, na shimfiɗa buhu, na ɗauki Inna na sa a ciki. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta dai ce a ɗauko mata carbinta, ban tsaya ba. Muka fita ta ƙofar baya. A arewa baƙin hayaƙi ya turnuƙe, sun cinna wa katafilar wuta. Daga bakin masallaci kuma hayaniya tana tahowa.

"Lawan! Fito!"

Na san muryoyin ɗaya bayan ɗaya. Akwai waɗanda ni na yi musu tsayuwar aure.

Muka shiga tsohon shinge, wanda na dasa farkon kama aikina. Itatuwan sun haɗe sama, ba mai hango mu daga gari. Ƙasa ta sha ruwa, ƙafar baro tana nutsewa. In tura, Hajara ta ja ta gaba. Duk saiwar da muka taka sai Inna ta cije leɓe. A bayanmu na ji ƙarar kwanon rufi yana fashewa cikin wuta, na ji kukan awakinmu, can kuma kukan ya ɗauke. Lokacin azahar ya yi, ban ji kiran salla daga masallacinmu ba. Sai ruwa ya kece. Hajara ta lulluɓe Inna da mayafinta, amma kafin wani lokaci duk mun jiƙe sharkaf.

La'asar muka kai bakin titi. Hajara ta yaga ɗankwalinta biyu ta naɗe mini hannuwa don kada a ga jan. Motoci suka yi ta wuce mu. Wadda ta tsaya a-kori-kura ce maƙare da itacen girki. Direban na san shi, na taɓa kama shi da ɗanyen itace na sauke masa kaya. Ya dube ni, ya dubi tsohuwa a baro. Ya sauko ya kama mini muka sa ta a gaba. Muka kama hanyar Kano. Bayan magariba ya aje mu a ƙofar gidan Binta a Rijiyar Zaki.

Zazzaɓi ya rufe Inna, ƙirjinta ya riƙe. Muka kai ta asibiti. Ranar Alhamis aka bugo mini waya daga ofis cewa in dakata da zuwa aiki, ana bincike a kaina. Ranar Juma'a da hantsi Inna ta cika.

Ta sha gaya mini inda take so a sa ta: maƙabartar garinmu, kusa da babana, gindin darbejiyar da na dasa a can. Na aika wa mai unguwa. Ya ce a gaya mini ƙasar kabarin Sani ba ta bushe ba, kada in zo.

A nan birni muka binne ta. Na duba sahu, ban ga mutumin garinmu ko ɗaya ba. Alhaji Bala ya zo ranar uku, ya zauna a kan tabarma, ya shafa addu'a, ya ce in yi haƙuri.

Gidan ya tafi, da awakin, da babur, da dashen bana gaba ɗaya. Sani ya tafi. Inna ta tafi ba carbinta. Binta ta wanke mini hannuwa da kananzir, amma ranar da na saka Inna a kabari jan yana nan a gefen faratana. Inda take kwance fili ne fetal, ba inuwa. Hajara ta ce in dasa mata ko darbejiya ɗaya ce. Har yanzu ban iya ba.