Direban da Ya Nuna Mana Hoton Ɗiyarshi

Mun tashi da asuba daga Rabah, mu bakwai cikin motar mutum biyar, zan je Goronyo sayen tiyon ban ruwa. Ko bakin gari ba mu kai ba direban, wani dattijo mai fara'a, ya zaro waya ya nuna mana hoton ɗiyarshi ta auta. Ya ce yau zai aje tuƙi, gobe sai noman albasa a Tursa.

Wallahi gabana ya faɗi. Ni fa ɗan gidan kallo ne, na haddace yadda ake buɗe fim ɗin harbe-harbe. Ko mota ta tarwatse, ko jarumi ya diro daga jirgi, ko a nuno wani bawan Allah ya ciro hoton iyali ya ce aikinshi na ƙarshe ke nan. Wannan ba ya kai minti biyar. Kafin sunan fim ya fito an gama da shi, mu ko muna shewa, ai mun faɗa! Ga ni yau zaune bayan irinshi, a hanyar da kowa ya san 'yan bindiga na tare ta.

A Wurno aka tsaya shan kunu da ƙosai mai zafi, ni ko ɗaya ban taɓa ba. Duk babur ɗin da ya ɓullo daga gona sai na bi shi da ido. Can gaba muka ji fau! Ban san lokacin da na cusa kai cikin kwandon tattasan wata tsohuwa ba.

"Mi ya same ka, ɗana?" in ji direban. "Taya ce fa."

Aka yi ta dariya, tsohuwar ta fi kowa.

Goronyo ta cika maƙil, albasa tsibi-tsibi har ido na yaji, ruwan dam ya sa ko'ina kore. Na sayi tiyo ko tayi ban yi ba. Motoci na ta lodi, na ƙi shiga, na jira ta dattijon. Ba zan iya tafiya ban ga ƙarshen abin ba.

Da la'asar sakaliya muka shigo Rabah lafiya lau. Ya kashe mota, ya miƙa wa mai ita makulli, sai ga yarinyar hoton nan da gudu ba takalmi, ta ɗafe mishi wuya.

Na daɗe tsaye da tiyo a kafaɗa, kunya ta kama ni. Shekara nawa ina yi wa mutuwar irin mutumin nan tafi, ban taɓa tambayar wa ke jiranshi gida ba.