Kwana Uku a Katifar Ɗan Dattijo Ishaya

Talata

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na bar Zariya, bakwai da kwata muna Kano, bayan shingen 'yan sanda uku. Sau biyar na laluba fasfo a aljihu. Amma ba fasfo ke damuna ba. Masaukin da matata ta samo mini a Dubai, inda zan sayo kekunan ɗinki, ɗakin Yakubu ne, ɗan Dattijo Ishaya.

'Yan'uwa, kun tuna rigimar bara kan filin sabuwar majami'a. A ajin nazari an koya mana cewa Kiristocin farko, in suna rubutu kan masu ɓatar da jama'a, sukan kira su kyarketai, karnuka, macizai. Abin ya burge ni. Na rubuta takarda, na jera wa Dattijo sunayen nan kaf, na karanta a gaban taro. A kan fili kawai.

Laraba

Mun sauka takwas na safe, bayan canjin jirgi a Addis Ababa. Yakubu ya karɓe jakata. "Yalla, mu tafi, Baba, kafin rana ta gasa ku." A unguwar Al Qusais su shida ne a ɗaki. Ya bar mini katifarsa, ya shimfiɗa bargo a ƙasa. Shinkafa da kaza dirhami goma sha biyu, ya hana ni taɓa aljihu. Kowace loma sai na tambayi kaina: ya sani, ko bai sani ba?

Alhamis

Ya ɗauki hutun aiki ya raka ni kasuwar Murshid Bazaar. Kekuna takwas, aka ɗaure, aka kai kago, wurin masu jigilar kaya. A jirgin ƙasa na metro muna komawa na kasa daurewa.

"Yakubu, ka ji labarin wata takarda?"

"Ƙanwata ta ba ni a waya, har macizan." Ya ɗan murmusa. "Baba, su mutanen farkon nan, wanda suka kira kare, shi ya riƙe musu ɗa ranar baftisma?"

Dattijo ne ya riƙe ɗana Markus. Tasha huɗu ban ɗaga kai ba.

Asabar

A filin jirgi ya miƙo leda, maganin gwiwa na mahaifinsa. "Hannu da hannu, Baba. Kada ku aiki kowa."

Lahadi

Na iso gida biyar na yamma. Minti ashirin na yi a ƙofar Dattijo kafin na yi sallama. Ya fito yana dogara sanda.

"Bitrus, yaron yana cin abinci kuwa?"

"Yana ci. Har ni ya ciyar." Na durƙusa.

"Tashi," ya ce. "Ba a zaurena ka karanta takardar ba."

Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya, na gode wa Yakubu. Fasto ya ba ni minti biyar ranar Lahadi mai zuwa. Duk wanda ya ji takardar nan bara, ina roƙonsa ya zo da wuri.