Karan da Inna ta jefa a rafi

Mun tashi da asuba daga Daura, ni da wani abokina mai mota, muka nufi ƙauyenmu da ke bayan Babban Mutum. Ko karin kumallo ban yi ba. Ana gobe za mu tafi ƙanwata ta kira ni, abin da na ji kawai shi ne, "Inna na kwance, magani ne a ruwan rafi," sai layi ya yanke. Garin namu kuwa, wayarka ta ga dama ta kama sabis ɗin Nijar, ka yi ta kira a banza.

Ina jin "magani" zuciyata ta tafi kan baƙin nan masu haƙar farar ƙasa da suka cika saman rafin da ramuka. Kafin mu kai Zango na gama yanke musu hukunci. A can abokina ya taka birki, ya ce ba zai kai ni faɗa ciki wayam ba. Muka sha kunun tsamiya da ƙosai. Ƙosan Zango ya ƙanƙance, kuɗinsa ya yi ƙiba, amma daɗin na nan.

Bayan Baure muka sauka daga kwalta muka shiga yashi. Ko'ina ya bushe, sai bakin rafi da ya yi kore shar da albasa da tumatir, injinan ban ruwa na ta ƙugi.

Na shiga gida, sai ga Inna zaune a tabarma tana yi wa kaji faɗa. Na yi hamdala, na durƙusa na gaishe ta. Ta rame, ta sha fama da amai da gudawa, amma ta warware. Sauran rigima ɗaya: a asibiti an hana ta ruwan rafi, ita kuma ta ce ba ta san zancen ba.

"Ruwan burtsatse salam yake, ba ɗanɗano," in ji ta. "Tun ina amarya nake shan rafin nan. Ruwa mai tafiya ba ya riƙe dauɗa, ka tambayi malaminka."

Na san muna juya baya za ta aika a ɗebo mata. Sai na ja yayana, mai noman rani a can, muka gangara rafin, ina neman wanda zan sauke wa fushi. Gaskiya ne, masu farar ƙasa na wanke kayansu, farin ruwan na gangarowa. Amma da damina ma suna yi, ambaliya ce ke tafiya da shi. Yanzu injina sun zuƙe rafin, ɗan abin da ya rage kuma shi ke dawowa daga fangalin gonaki ɗauke da takin zamani. A gefe na ga inda ake wanke tankin feshi. Maganin da ƙanwata ke nufi ke nan, na kashe ƙwari. Na tambayi tankin waye, yaya ya hau sosa ƙeya.

Muna tsaye sai ga Inna da sandarta, ta biyo mu ta ga abin da ake zuga ta a kai. Ba ta saurari bayanina ba. Ta tsinci guntun karan dawa ta jefa tsakiyar ruwan. Karan ya ɗan juya, ya tsaya cak a cikin farin kumfa. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe ba ya tafiya," ta ce. Da yake ba ta kiran sunan ɗan fari, ni ta duba. "Gaya wa yayanka, shi da abokansa sun mayar mini da rafi kududdufi. Kada in ƙara ganin tankin nan a bakin ruwa."

A nan yaya ya ɗauke tankinsa, ya ce zai yi magana da sauran manoman da masu haƙar, kowa ya haƙa ramin wankinsa nesa da rafi.

Mun iso Daura ana kiran magariba, na yi barcin da ban samu ba a daren da ya gabata. Na tafi da niyyar faɗa da baƙi, na tarar rabin laifin a gidanmu yake, kuma noman da ke ciyar da Inna shi ya kwantar da ita. Yanzu dai burtsatse take sha, tana sha tana mita. Ta ce ranar da ruwan sama ya sauka, ita da kanta za ta je ta sake jefa karan.